Yatsu Uku a Kan Takarda

An shiga ɗakin Kaka Rosma ranar Alhamis da rana tsaka, lokacin da mutanen gidan suka kulle ƙofa suka tafi biki ƙauyen gaba. Ba a taɓa zinariyar gado da ke cikin adakarta ba. Abin da aka ɗauke jakar takardun jikarta Nelvi ce: shaidar gama sakandare ta asali, takardar sakamako, ta haihuwa, katin iyali, takardar likita, har da 'yan hotunan da aka ɗauke ta. Ranar Litinin ake son yarinyar ta kai su jami'a a birnin Padang a gani da ido, in ba haka ba, a ba wani gurbinta. Shaidar gama makaranta kuwa ba a buga ta sau biyu. In ta ɓace sai rahoton 'yan sanda da zaryar ofis-ofis, kafin a ba ka madadinta an gama rabon kujeru.

Ni Mawardi, ni nake jan ragamar masu farautar aladen daji a yankinmu, don haka duk abin da ya ɓace, daga akuya har tukunyar gas, ni ake kira. Na ce wa ɗan aiken sawun alade na sani, ban san na takarda ba. Amma na saɓa rigata na tafi.

Na tarar rabin gari sun riga ni. Sun tattake bayan gidan kamar an yi kokawa a wurin, kowa yana nuna wa ɗan'uwansa tagar da aka samu a buɗe. Raina ya ɓaci ƙwarai.

"Madalla da ku," na ce. "Saura ku kawo shanu su ma su duba."

"Ba sai ka wahala ba," in ji Datuak Malano, mai sarautar dangin, daga saman matakalar gidan, wanda na katako ne a kan ginshiƙai. Shi ne kawun Nelvi, wan mahaifiyarta, kuma a wurinmu kawu shi ke da ta cewa a kan 'ya'yan 'yar'uwarsa. Shi ya zaɓa mata karatun lauya, shi ya sa aka ajiye takardun a adakar tsohuwa don ya kai ta Padang da hannunsa. "Dubi gindin kwakwar can. Sawun wa ka gani?"

Sawun biri ne, ba musu, ga jan igiya a ƙasa. Ajo Piri mai birin tsinkar kwakwa ya yi aiki a bishiyoyin bayan gidan a ranar.

"Birin nan ya taɓa zare wayar wani ta taga," in ji wata daga cikin taron.

"Shi da Datuak kuwa ba sa ga maciji tun rigimar iyakar gona," in ji wani.

Na nemi izinin Kaka Rosma na leƙa ɗakin. An rufe adakar, an mayar da zanen da ke kanta, an ma gyara masa gefe. An sha ruwan sama da azahar, waje duk caɓi, amma katakon ɗakin fes, ko ɗigon laka babu. Abin ya tsaya mini a rai.

Da na fito na ga Asril, mahaifin yarinyar, a tsaye a gindin matakala, inda mijin 'ya yake tsayawa in 'yan gida suna magana. Masunci ne, bai je bikin ba, ya ce yana bakin teku yana ɗinkin koma. Babu wanda ya tambaye shi komai, don babu wanda ya saba tambayarsa komai. Mu mazan da muke zaune a gidajen matanmu, ana ce mana toka a kan kututture, iska kaɗan ta ishe mu. Ni ma haka nake a gidan matata.

"Gobe bayan la'asar," in ji Datuak, "ko takardu su fito, ko in miƙa Piri ga 'yan sanda, birin kuma a harbe shi."

* * *

Na sami Ajo Piri a bayan bukkarsa yana ba birin, wata mace mai suna Manih, shinkafa da madarar gwangwani a cokali, kamar mai jego.

"Ka zo kama mu?" ya ce bai ɗago ba. "To ga ta nan, tambaye ta. Manih, ke kika ɗauki satifiket? Wace jami'a za ki?"

"Bar wasa, Ajo. Datuak da gaske yake."

"Shi dama yaushe ya taɓa wasa? Ko dariya zai yi sai ya kira taron dangi." Ya ajiye cokalin. "Mawardi, ita ce gonata, ita ce jirgina. In aka harbe ta, ni aka harbe."

Na kama hannun birin na duba. Laka ta bushe a tsakanin yatsunta har ƙumba. Da ta shiga ɗakin nan, da an ga hatiminta a bango da zane da ko'ina. Biri kuma bai san ya rufe adaka ya gyara zane ba.

"Yaushe ka bar bayan gidan?"

"Da hadari ya taso. Ba ta hawa in itace ya jiƙe."

"Tagar a buɗe take?"

"A rufe. Wallahi a rufe."

Na yarda da shi, amma yardata ba za ta tare harsashi ba.

* * *

Da safiyar Juma'a na biya shagon Uni Des mai kwafin takardu, kusa da makarantar sakandare. Duk ɗan da zai nemi jami'a a garinmu sai ya bi ta hannunta, bakinta kuma ba ya da murfi.

"Kai, wannan yarinya ta ban tausayi," ta ce tana jera takardu. "Ka san wahalar da ta sha? A yi kwafi, a kai makaranta shugaba ya buga hatimi a kowane, a je asibiti a gwada ido, a dawo a ce hoton bayansa ja ake so ba shuɗi ba. Kuma komai nata kashi biyu."

"Kashi biyu?"

Ta rufe baki da hannu, amma ta makara. "Ni ban ce komai ba."

"Ba ki ce ba. Ɗaya na Padang. Ɗayan fa?"

Ta leƙa waje, ta rage murya. "Wata jami'a can tsibirin Jawa. Karatun teku da kifi. Sun ɗauke ta, har da tallafin karatu. Su ma Litinin ɗin nan suke son ganin na asali. Datuak bai sani ba, kuma in ya ji daga bakinka, ni da kai har lahira."

Na fito ina jin na kama bakin zaren. Jiya na lura uwar Nelvi tana kuka, kakarta na salati, ita yarinyar ko hawaye. Na ce a raina, ashe ɓarawon a cikin gida yake, kuma da ɗankwali.

* * *

Na same ta tana kankare kwakwa a bakin madafa.

"Nelvi, ina kika ɓoye su?"

Ta ɗago ta dube ni ido cikin ido. "Baba Mawardi, da ni na ɗauka da yanzu ina cikin mota."

"Kin san na ji zancen Jawa."

Ta ci gaba da kankara har sai da na ji tsoron za ta haɗa da yatsanta.

"Na nema ne kawai don in san ko zan iya," ta ce. "Na sani yanzu. Kawu ya ce gidan nan yana bukatar lauya saboda shari'ar gonarmu. Shi ya ɗauki nauyina tun ina firamare. Da wane baki zan ce masa a'a?"

"Wa kika gaya wa?"

"Babu kowa." Ta ɗan tsaya. "Na taɓa karanta saƙon ɗaukata da suka aiko da ƙarfi a bakin teku, ni kaɗai, don in ji yadda yake a kunne. Shi ke nan."

"Me ya hana ki kuka jiya?"

Sai ga hawayen sun zo. "Da aka ce sun ɓace, daɗi na fara ji, Baba. Sai daga baya na tuna in babu su, babu Padang, babu Jawa, babu ko'ina. Ga Ajo Piri kuma za a cuce shi a banza."

Ba ita ba ce. Ita da ke shiga ɗakin kakarta safe da yamma, me zai kai ta hawa taga? Na ji kunyar zargin da na yi mata.

* * *

Na koma bayan gidan ni kaɗai. Inda jama'a suka tattake babu abin karantawa, sai na zagaya bayan tarin itacen girki, ƙarƙashin rufin da ya zarto, inda ruwan sama ba ya kaiwa kuma ƙafar 'yan kallo ba ta kai ba.

A kan busasshiyar ƙasa ga sawun silifa biyu, lakarsu ta bushe ta fito sarai. Ba sawun tafiya ba ne. An ajiye su ne kafaɗa da kafaɗa, daidai wa daida, yadda mutum yake ajiye takalmi a ƙofar masallaci. Gefensu ga ɓawon kwakwa a kife, ga 'yan ramukan da ruwa yake haƙawa in an zuba shi daga sama. Daga nan sai dutsen da ginshiƙin gidan yake kai, sai ginshiƙin, sai taga.

Na tsuguna na daɗe. Mutumin nan ya zo sata, amma ya cire takalmi, ya ɗebo ruwa, ya wanke ƙafafunsa kafin ya hau. Baƙon ɓarawo ba ya haka. Datuak ta ƙofa zai shiga yana gyaran murya. Mutum ɗaya ne a duniya da ɗakin nan ya fi ƙarfinsa, wanda ko zai mutu ba zai taka shi da laka ba.

A tafin silifar hagu akwai ɗan ƙulli da ya lotsa ƙasa, irin na wanda igiyar takalminsa ta tsinke ya ɗaure ta da zaren kamun kifi. Wallahi na so a ce ban gani ba.

* * *

Asril yana zaune a inuwar kwalekwalensa da koma a cinya. Silifansa suna gefe, kafaɗa da kafaɗa. Na zauna, na ɗauki na hagun na juya shi, na mayar inda yake.

"Kifi ya yi wuya kwanan nan," ya ce.

"Ya yi." Na kunna taba. "Asril, ka taɓa ganin birin da yake cire takalmi?"

Allurar ɗinkin ta tsaya a hannunsa. Bai musa ba.

"Ina bayan jirgin nan ranar da take karanta saƙon," ya ce a hankali. "Ba ta gan ni ba. Tun tana ƙarama take bina nan tana tambayata sunan kowane kifi. Ban taɓa jin muryarta kamar ta ranar ba, Mawardi."

"Me ya hana ka yi magana?"

Ya dube ni. "Kai kana magana a gidan matarka?"

Na zuƙi tabata na dubi teku.

"Ban san wacce ake so a ciki ba, shi ya sa na kwaso duka. Gobe Asabar motar Jawa take tashi. Niyyata in ce ta raka ni kasuwa, in sa mata su a hannu a tasha. Da na gaya mata tun farko, ba za ta iya kallon kawunta ba, za ta mayar." Ya dafa ƙirjinsa, na ji ƙarar leda a ƙarƙashin rigar. "Ka ba ni zuwa gobe."

"Piri ba shi da gobe. Yau bayan la'asar ne."

"In na fito da su, Datuak zai karɓe. Ni kuma ka san hukuncin surukin da ya shiga wannan ɗakin."

Na sani. Na tashi na kakkaɓe wandona. "Ba zan kira sunanka ba. Amma ba zan bari a harbe birin nan ba."

* * *

Bayan la'asar aka taru a zauren gidan. Datuak yana can sama wurin 'yan gida, bindigar farauta a jingine a bayansa. Kaka Rosma tana kan tabarmarta, Nelvi da uwarta a gefenta. Ajo Piri yana tsakiya a durƙushe, birin a ɗaure a gindin matakala tana ta kai da komo. Uni Des ma ta zo, wai wucewa take yi. Asril ya zauna a bakin ƙofa, wurin surukai.

"To, mai karnuka," in ji Datuak. "Me hancinka ya jiyo?"

"Ba biri ba ne. Da ita ce, da laka ta nuna. Ba Ajo ba ne, ya bar wurin tagar na rufe."

"Shi ya gaya maka, kai kuma ka haɗiye."

"Ƙasa ce ta gaya mini. Wanda ya shiga ɗakin nan ya cire takalminsa a bayan itace, ya jera su, ya wanke ƙafa, sannan ya hau. Ya ga zinariya ya bar ta. Ya rufe adaka ya gyara mata zane."

Na ga Kaka Rosma ta daina jan carbi.

"Wane ne?" in ji Datuak.

"Aikina sawu. Na karanta muku."

"Ba a kira ka don ka yi mana tatsuniya ba! In babu suna, maganata tana nan." Ya miƙa hannu ya jawo bindigar. Ajo Piri ya yi wani sauti a maƙogwaro da har yau ba na son tunawa.

"Ajiye ta, Datuak."

Asril ne. Tun da ya shigo gidan nan ango, ban taɓa jin muryarsa ta kai ƙarshen zauren ba. Ya cire jakar daga cikin rigarsa, a naɗe cikin leda. Bai tashi tsaye ba, da gwiwa ya matso, ya wuce hannun Datuak da ke miƙe, ya ajiye ta gaban tsohuwa.

"Inna, ni na shiga ɗakinki. Ajo, ka yafe mini kwanan fargabar da ka yi." Ya sunkuyar da kai. "An ɗauki yarinyar nan karatun teku a Jawa. Can ranta yake. Ba ni da bakin faɗa, shi ya sa na yi da hannu."

Matarsa ta fashe da kuka. Datuak ya miƙe, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Baƙo a gidan nan! Kai da aka ba aron tabarma, kai za ka tsara mana zuri'a? Ka shiga ɗakin uwata ta taga! Yau za ka koma gidan uwarka. Inna, miƙo takardun."

Tsohuwa ba ta miƙa ba. Ta warware ledar a hankali, ta zaro shaidar gama makarantar, ta kai ta kusa da idonta. Ba ta iya karatun boko ba, hoton take kallo, inda kowane ɗalibi yake dangwala yatsu uku na hannun hagu da tawada, rabi a kan hoto rabi a kan takarda.

"Malano," ta ce, "waɗannan yatsun naka ne?"

"Inna, wace irin tambaya..."

"Na Asril ne?"

Ta kamo hannun hagun Nelvi, ta ɗora yatsun a kan tawadar, ta bar takardar a hannunta.

"Adakata ce, ɗakina ne, gidana ne. Na mayar wa mai abu abinta. Ke kuma buɗe baki ki yi magana. Ubanki ya sayar da tabarmarsa don ki yi."

Nelvi ta dubi kawunta. Na ɗauka za ta miƙa masa.

"Kawu, ka yi mini komai, ba zan manta ba har in mutu," ta ce. "Jawa zan tafi."

Datuak ya daɗe a tsaye. Sannan ya ɗauki hularsa. "Ta tafi. Amma al'ada al'ada ce. Shi ba zai kwana a gidan nan ba."

Na dubi tsohuwa, na ga ta kawar da kai. A nan ba ta da abin cewa. Asril ya sauka matakala, ya kwance igiyar birin da hannunsa ya miƙa wa Piri, ya sa silifansa ya tafi, ko hular sallarsa bai ɗauka ba. Na yi aikina daidai, kuma ban taɓa jin haushin aikina kamar ranar ba.

* * *

Ranar Asabar motar Jawa ta tashi da Nelvi, jakar a rungume a ƙirjinta. 'Yan gida suna gefe ɗaya na tasha, Asril yana can gefe shi kaɗai kusa da mai sayar da gyaɗa. Ajo Piri ya zo da buhun kwakwa ya ce a sa mata, wai gudummawar Manih ce.

Aka kwana biyu ba na bi ta unguwar, don ba na son ganin matakalar. Sai wata safiya karnukana suka ja ni ta ƙofar gidan Kaka Rosma. Tsohuwa tana zaune a sama tana tsince shinkafa.

"Ɗan nan," ta ce, "ka gaya wa Malano in ka gan shi, randata ta yi mini nauyi, na samo mai cika mini ita. In yana da magana ya zo ya cika da kansa."

Na dubi gindin matakalar gaba. Dutsen wanke ƙafa a jiƙe yake, moɗar tana ɗiga. Gefensa ga silifa biyu kafaɗa da kafaɗa, na hagun da ƙullin zaren kamun kifi. Na karanta, na ja karnukana muka wuce.